Wane fanel zan saka a sito da ɗakin sanyi saboda gobara?

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Na karanta tambayarka sau biyu, kuma bari in maimaita ta a taƙaice don wanda bai gani ba ya san kan maganar. Ka ce za ka gina sito a nan Kano, ɓangare ɗaya na kayan masarufi ne, katan-katan na taliya da man girki da sauransu, ɗaya ɓangaren kuma ɗakin sanyi na kifi da kaji, ga ɗakin janareta a gefe, kuma kana so a yi bangon da fanel irin mai kwano biyu da soso a tsakiya saboda ya fi sauri. An kawo maka farashi uku, EPS da PIR da rokwul, wato sunayen abin da ake sawa a tsakiyar fanel ɗin, kowane mai sayarwa ya ce nasa "ba ya cin wuta", su kuma 'yan inshora sun tambaye ka awa nawa bangon zai iya riƙe wuta ka rasa amsar da za ka ba su. Toh ni aikina kenan shekara da shekaru, zanen sito da masana'anta da duba su bayan an gama, don haka zan faɗa maka abin da zan yi da a ce kuɗina ne.

Amsar a gajarce ita ce kada ka sayi iri ɗaya ka zagaye ginin gaba ɗaya da shi. Ɗakin sanyi a yi shi da PIR mai takardar gwaji, bangon da zai raba ɗakin sanyi da siton kaya da kuma na ɗakin janareta a yi shi da rokwul ko ma bulo, EPS kuma ka barshi a wajen mai shi duk arharsa. Amma idan na tsaya a nan na cuce ka, domin abin da ya fi kashe mutane kuɗi ba zaɓen soson ba ne kaɗai, rashin gane cewa awar da 'yan inshora ke tambaya ba ta fanel ɗaya ba ce, ta bango ce gaba ɗayansa, da mahaɗarsa da sukurorinsa da ƙofarsa da duk wani rami da mai wayarin ya huda a jikinsa.

Ka fara gane abin da kake saye. Fanel ɗin nan kwano ne siriri guda biyu, yawanci kaurin kowanne tsakanin milimita 0.4 zuwa 0.7, an manna su a jikin abin da ke tsakiya. Daga waje duka ukun kama ɗaya suke, farare tas, idan ka ƙwanƙwasa ƙarfe za ka ji, shi ya sa mutane ke ɗauka ai ƙarfe ne me wuta za ta yi masa. Kwanon ba ya ci da wuta gaskiya ne, amma yana ɗaukar zafi nan take ya miƙa wa na ciki, gam ɗin da ya riƙe su ya saki, kwanon ya buɗe baki. Daga nan labarin ya koma kan abin da ke ciki.

EPS shi ne farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da kake gani a kwalin sabuwar talbijin ko firji, shi ɗin ne dai ba wani ba. Tun zafi bai kai na tafasar ruwa sosai ba, wajen digiri 80 zuwa 100, yake fara laushi yana tsukewa, idan zafin ya ƙaru sai ya narke ya zama ruwa ya gangaro ƙasa yana ci da wuta, ya bar kwano biyu da rami a tsakaninsu babu abin da ya riƙe su. Kaga wannan ramin ya zama kamar bututun hayaƙi, wuta na tafiya a cikin bango ba ka ganinta, 'yan kwana-kwana suna watsa ruwa a jikin kwano ruwan na zubewa ƙasa ita kuma tana can ciki tana gaba abinta. Na taɓa zuwa duba wani wurin ajiye kaji bayan gobara, ba zan faɗi wurin ba, wutar ta tashi ne daga wata fitila da aka ɗaura a jikin silin. Abin da ba zan manta ba shi ne na ɗaga kwano ɗaya da ya faɗo ƙasa, ya lanƙwashe kamar ganyen da rana ta busar, na leƙa tsakiyarsa babu komai, fayau, sai wani baƙin abu mai danƙo da ya daskare a siminti kamar an zubar da kwalta. Mai wurin dattijo ne, yana tsaye kusa da ni yana ta maimaita cewa ai an ce masa mai maganin wuta ne. Kuma ba lallai ƙarya aka yi masa ba, akwai EPS da ake sa wa sinadarin da ke hana shi saurin kamawa daga ƙaramar wuta kamar ashana, idan ka janye ashanar ya mutu. Amma wutar sito ba ashana ba ce, idan katan ɗari na man girki suka kama wannan sinadarin ba ya hana komai.

Sai PU da PIR, waɗanda 'yan kasuwa da yawa ke haɗa su a suna ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Duka soso ne mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, mai tauri, da ido da wuya ka bambance. PU na gargajiya yana ci da wuta sosai kuma hayaƙinsa mugun abu ne, akwai iskar gas mai kisa irin ta hayaƙin janareta a ciki har da gubar sayanaid, mutum kan faɗi tun wutar ba ta iso shi ba. PIR an canja haɗin sinadarinsa ne yadda idan wuta ta taɓa shi ba ya narkewa ya zuba, sai fuskarsa ta ƙone ta zama gawayi, gawayin nan ya tsaya a wurin ya rage wa na bayansa zafi. Wannan babban bambanci ne, amma ka riƙe a ranka har yanzu abu ne mai ci da wuta, jinkiri yake ba ka ba wai ya gagari wuta ba. Inda ya yi fice shi ne riƙe sanyi, a nan kam babu na biyunsa cikin ukun nan, PIR mai kaurin milimita 100 sai ka kawo rokwul kusan ninki biyu kafin ya kamo shi. Kai da za ka riƙe kifi a digiri 18 ƙasa da sifili alhali a watan Afrilu waje ya haura 40, tazarar kusan digiri 60 kenan tsakanin ciki da waje, kowane ɗan zafi da ya ratso bango dizal ne za ka ƙona ka fitar da shi. Shi ya sa nake cewa PIR a ɗakin sanyi, milimita 80 zuwa 100 idan na sanyaya kaya ne kawai, 150 ko sama idan na daskarewa ne.

Rokwul kuma dutse ne aka narkar aka mayar da shi zare kamar auduga, wasu na ce masa audugar dutse. Ba ya ci da wuta, sai zafi ya haura digiri 1000 kafin ya fara narkewa, hayaƙinsa kaɗan ne, kuma ko kwanon gaba ya saki shi yana nan tsaye. Duk wani bangon fanel da za ka ji an ce ya riƙe wuta awa biyu ko fiye, kusan kullum rokwul ne a cikinsa. Amma yana da nasa matsalolin kuma ba zan ɓoye maka ba. Yana da nauyi, dole ƙarafan ginin su san da zuwansa tun a zane, ba a gama kafa ƙarfe ba sannan a ce a canja. Ba ya son ruwa, idan danshi ya shige shi ta mahaɗa ko ta bakin da aka yanka aka bari a buɗe sai ya jiƙe ya daina riƙe zafi ya sa kwanon tsatsa daga ciki, a ɗakin daskarewa kuwa danshin ƙanƙara yake zama a cikin bango. Idan an sauke shi a fili lokacin damina ba a rufe ba, asara ce tun kafin a ɗaura. Masu ɗaurawa ma ba sa son shi saboda ƙaiƙayi, sai ka tsaya a kansu da safar hannu da takunkumi.

Yanzu ga inda nake so ka natsu sosai Alhaji, don a nan ake yi wa mutane wayo. Tambaya biyu ce daban-daban ake yi wa kayan gini game da wuta. Ta farko, shi kansa abin yana kamawa ne, yana ƙara wa wuta ƙarfi, yana hayaƙi, yana ɗiga? Ta biyu, idan wuta na ci a wannan ɗakin, minti nawa bangon zai hana ta ƙetarawa ɗaya ɗakin? Mai sayarwa zai ba ka amsar ta farko ya bar ka kana zaton ta biyu ya amsa.

A ma'aunin Turai, EN 13501-1, amsar tambayar farko haruffa ce, A1 da A2 su ne waɗanda ba sa ci ko kusan ba sa ci, sai B, C, D, E har F mafi muni. A gefen harafin za ka ga s da lamba, wannan hayaƙi ne, s1 kaɗan s3 mai yawa, sai d da lamba, wannan ɗigar wuta ce, d0 babu ɗiga. Fanel ɗin rokwul mai kyau za ka ga A2-s1,d0, PIR mai kyau B-s1,d0 ko B-s2,d0. Duk wannan bai gaya maka ko minti ɗaya ba. Mintoci suna cikin EN 13501-2, a nan ne za ka ga EI 30, EI 60, EI 120. E na nufin harshen wuta da iska mai zafi ba su ratsa ba, I na nufin zafin bai ratsa ba, wato ɗaya fuskar bangon ba ta ƙaru da fiye da digiri 140 a matsakaici ba, kuma babu wani wuri ɗaya da ya ƙaru da fiye da 180. Wannan I ɗin kada ka raina shi, domin bango na iya tsayawa ƙyam babu ko tsaga amma ya yi zafin da katan ɗin da ka jingina a bayansa zai kama da kansa. Idan ka ga E 60 kawai babu I, ba daidai yake da EI 60 ba. Abin da ɗan inshora ke tambayarka kenan, lambar da ke bayan EI.

Yadda ake samun lambar shi ne a gina bangon na gaske, yawanci mita 3 da mita 3, a bakin wani katon murhu, a kunna wuta bisa tsari ɗaya da duniya ta amince da shi. Cikin minti 5 zafin ya kusa digiri 580, a minti 30 ya kai wajen 840, a awa ɗaya 945, a awa biyu ya ɗan haura 1000. Ana tsaye da agogo har sai bangon ya gaza. Kaga abin da aka gwada ba guntun fanel ba ne, bango ne mai kauri kaza, an jera shi a tsaye ko a kwance, da irin mahaɗa kaza, da sukuru kaza a tazara kaza, wani lokaci har da ƙananan sukurori da ake ɗinke mahaɗar da su daga sama har ƙasa, da tazara kaza tsakanin ƙarafan da suka riƙe shi. Idan takardar ta ce milimita 100 a tsaye, tazarar ƙarfe mita 4, kai kuma aka ɗaura maka milimita 75 a kwance a kan tazarar mita 6, toh wannan takardar ba ta bangonka ba ce ko da kamfani ɗaya ya yi su.

Akwai wata kalma da za ka ji da yawa musamman a kayan da aka shigo da su daga Sin, wato B1. Mai kaya zai ce maka nasa B1 ne, har da alfahari. B1 aji ne a ma'aunin Sin, GB 8624, akwai shi kuma a tsohon ma'aunin Jamus, DIN 4102, ma'anarsa abu mai wuyar kamawa. Amsar tambaya ta farko ce, babu minti a ciki, kuma ba a ɗauke shi kai tsaye a ce shi ne B na Turai. Haka idan an nuna maka takardar Amurka mai ASTM E84 aka ce aji A, wannan gudun wuta a kan fuskar abu kawai ta auna, wadda ke ba da awa a Amurka ita ce ASTM E119. Na Ingila na da shi ne BS 476 kashi na 22, har yanzu za ka gan shi a takardun da yawa a nan Najeriya kuma karɓaɓɓe ne. Idan kuma PIR ɗin na da shaidar FM 4880 ko LPS 1181, waɗannan gwaji ne manya da masu harkar inshora suka kafa don ganin yadda fanel ke yi a gobara mai girma, alama ce mai kyau ƙwarai, amma su ma ba su ne ke ba da mintocin raba ɗaki ba. Ba wai kaya daga Sin ba su da kyau ba ne, na yi aiki da masu kyau sosai daga can da kuma daga Turkiyya, magana ce ta ka san me takardar ke faɗa.

Kuma ka nemi cikakken rahoton gwajin, ba shafi ɗaya mai tambari da aka ɗauka a hoto aka turo ta WhatsApp ba. Rahoto na gaske shafuka ne da yawa, da sunan ɗakin gwajin da lambar rahoto da kwanan wata da zanen yadda aka haɗa bangon da hotunansa kafin wuta da bayanta. Ka duba sunan kamfanin da ke jikin rahoton shi ne wanda ya ƙera naka, don ana ɗauko rahoton wani kamfani a liƙa wa kayan wani. Ka ba injiniyanka ya karanta, idan da hali ya tura wa ɗakin gwajin lambar ta imel su tabbatar.

Sannan akwai gwajin da za ka yi da kanka ranar da tirela ta iso, kuma ba ya buƙatar komai sai sikeli. Kwano mai kaurin milimita 0.5 nauyinsa kusan kilo 4 ne a kowace murabba'in mita, guda biyu kusan kilo 8 kenan. Rokwul da ake sa wa a fanel na wuta yawanci kilo 100 zuwa 120 ne a kowace kubik mita, don haka mai kaurin milimita 100 zai ba ka kilo 10 zuwa 12. Ka haɗa, murabba'in mita ɗaya ya kamata ta kai kilo 18 zuwa 20. Ka sa a yanko guntu a auna, idan ka ga kilo 13 ko 14 toh ko kwanon an rage ko audugar sakwa-sakwa ce, kuma rokwul mara nauyi ba ya riƙe wuta yadda mai nauyi ke yi. Ka kuma leƙa bakin fanel ɗin ta ɓangarori huɗu, don akwai wanda tsakiyarsa rokwul ne amma an cika gefensa da soson PU don mahaɗar ta yi kyau ta hana ruwa, yana da amfaninsa a bangon waje, amma a bangon raba wuta sai in rahoton gwajin da irinsa aka yi. Akwai kuma audugar gilashi mai ruwan ɗorawa da wasu ke sayarwa da sunan rokwul, ita ma ba ta ci da wuta amma tana laushi a zafin da bai kai na dutse ba nesa ba kusa ba.

Toh ka sayi mai kyau, an ɗaura daidai. Saura masu zuwa daga baya, kuma wallahi a nan na fi ganin ɓarna. Kwanakin baya na je duba wani sito da mai shi ya kashe kuɗi na gaske ya sa rokwul mai awa biyu tsakanin ɗakin injina da wurin kaya, na yaba masa. Da na hau tsani na leƙa saman silin sai na tarar mai wayarin ya yanka rami da giranda wanda kaina zai shiga, ya wuce da wayoyi kusan goma da bututun roba biyu, ya cusa ledar siminti a gefe don kada ɓera ya bi. Ta cikin ramin ina hango hasken ɗaya ɗakin. Wannan bangon a takarda awa biyu ne, a zahiri hayaƙi da wuta za su bi ramin cikin 'yan mintoci, robar ta narke ramin ya ƙara faɗi. Duk inda waya ko bututu ya ratsa bangon wuta dole a toshe da kayan da aka yi don haka, akwai allon rokwul mai fenti na musamman, akwai wani man toshewa da ke kumbura idan ya ji zafi, akwai zobe da ake sa wa bututun roba ya matse shi idan ya narke. Silikon na gama-gari da soson feshi na gwangwani ba sa wannan aikin, soson feshin ma mai ne ka ƙara wa wutar. Ƙofa ma haka, bango mai awa biyu da ƙofar kwano ta walda a tsakiya bai da amfani, a sayi ƙofar wuta mai nata rahoton da abin da ke rufe ta da kanta, kuma ka gaya wa yaran sito kada a tokare ta da bulo don shan iska.

Sai ƙarafan da suka riƙe bangon. Ƙarfe ba ya ci da wuta amma a wajen digiri 550 zuwa 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ka tuna murhun gwaji na kai wannan zafin cikin mintoci kaɗan. Idan ginshiƙin ya lanƙwashe zai ja bangon su tafi tare komai kyansa, don haka ginshiƙan da ke riƙe da bangon wuta a lulluɓe su da kankare ko allon wuta ko fentin da ke kumbura, gwargwadon mintocin bangon. Kuma bangon ya hau har ya taɓa rufi a toshe tsakaninsu, ya fi kyau ma ya ɗan zarce saman rufin. Kada a tsayar da shi a daidai silin a bar sama a buɗe, kada kuma a bar fanel ɗin rufi mai soso ya ƙetare ta kansa ba a yanke ba, wuta za ta bi ta sama ta sauka a ɗaya gefen.

Duk waɗannan ƙa'idoji da rayukan mutane aka koye su. A 1993 a garin Hereford na Ingila wata masana'antar sarrafa kaji ta kama, fanel ɗin silin suka rufto, 'yan kwana-kwana biyu suka rasu a ciki, kuma daga wannan lokacin ne masu inshora a can suka tsananta kan abin da ke cikin fanel. A watan Yunin 2013 a lardin Jilin na ƙasar Sin wata masana'antar kaji da aka lulluɓe da soson PU ta kama, sama da mutum 100 suka mutu, ga hayaƙi ga ƙofofin da ba su buɗu ba. A Afrilun 2020 a Icheon ta Koriya ta Kudu ma'aikata 38 suka mutu a wani katon sito da ba a ma gama ginawa ba, ana aikin wuta a kusa da soso. Na Grenfell a Landan, 14 ga Yunin 2017, mutum 72, wani irin fanel ne daban, na ado, alminiyam biyu da roba a tsakiya, irin wanda ake lulluɓe gaban filaza da shi a nan, amma darasin ɗaya ne, an kalli ƙarfen waje an manta da na ciki. Mu ma a nan ba baƙin gobara ba ne, wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san yadda wuta ke gudu idan babu abin da ya raba shago da shago, balle lokacin hunturu da komai ya bushe ga iska.

Da ni ne mai zana maka, ga yadda zan yi. Ɗakin janareta da tankin dizal da batiran inbata in har za ka sa sola, a fitar da su daga jikin ginin gaba ɗaya idan fili ya isa, in bai isa ba a zagaye su da bulo. Kuma ina so in faɗi wannan da ƙarfi don masu sayar da fanel ba za su faɗa maka ba, bulo mai inci tara mai siminti isasshe, an cika ramukansa an yi filasta ciki da waje, yana riƙe wuta awa biyu har ya wuce, ga shi muna da magina a kowace unguwa kuma ba sai ka nemi dala ba. Inda fanel ya fi shi shi ne sauri da tsafta da rashin nauyi a kan tushe idan bangon ya yi tsawo sosai. Tsakanin siton kaya da ɗakin sanyi a sa bango mai EI 120, bulo ko rokwul wanda rahotonsa ya nuna haka, saboda man girki da katan kaya ne masu wuta mai tsanani. Ɗakin sanyin PIR ya tsaya a matsayin akwatinsa daban a bayan wannan bangon, kada a ce bangon PIR ɗin shi ne kuma bangon raba wuta, yawancinsu EI 15 zuwa 30 suke bayarwa, masu kauri sosai ne ke kai 60. Bangon waje da ke kusa da katangar maƙwabci shi ma rokwul, don kada wutarka ta shiga gidan wani ko tasa ta shigo maka. Wayoyi a cikin ɗakin sanyi su bi ta bututun ƙarfe a saman fanel ba ta cikin soso ba, fitilu kada a manna su kai tsaye, hitar ƙofa da ta narkar da ƙanƙara a sa musu bireka nasu a riƙa dubawa, don daga nan wutar ɗakin sanyi ta fi tashi. Duk inda aka yanka fanel ko fokilif ya fasa kwano soso ya bayyana, a rufe a ranar.

Lokacin aiki kuwa ka kafa doka tun ranar farko, daga lokacin da fanel ya shigo fili babu walda babu giranda a kusa da shi sai da izinin injiniya da mutum tsaye da abin kashe wuta, kuma ya ci gaba da tsayuwa aƙalla awa ɗaya bayan an gama, domin tartsatsi kan shige mahaɗa ya yi ta ci a hankali sai kowa ya tafi gida. Shi kansa fanel ɗin da zarto ake yanka shi ba da giranda ba, girandar na ƙona fentin kwanon ya yi tsatsa ko da wuta ba ta tashi ba.

Maganar kuɗi, farashi na canjawa da dala don haka ka bi lissafin da ke hannunka, amma ka lura ba duka ginin nake cewa ka yi da mai tsada ba, bango biyu ne ko uku. Ka kwatanta ƙarin kuɗin da darajar kayan da za su kwana a ciki dare ɗaya. Kafin ka biya ko sisi ka kai zanen wurin hukumar kashe gobara ta jiha da hukumar tsara birni su gani, ka kuma sa kamfanin inshorar su rubuta maka a takarda mintoci nawa suke so a kowane bango da irin shaidar da za su karɓa, kada ka tsaya a maganar baki da wakilinsu.

Ka koma wajen masu sayarwar nan uku ka ce kowanne ya kawo maka cikakken rahoton da ke nuna EI nawa, a kauri nawa, a tsaye ko a kwance, a tazarar ƙarfe nawa, da nauyin audugar ko soson a kubik mita, da kaurin kwano. Idan sun kawo ka turo min tare da zanen filin da tsawon bangon daga ƙasa zuwa rufi, in sha Allahu zan duba maka in nuna maka wanda ya dace da kowane bango.